Saikilamen na kanti: furen ya fi kuɗinsa, amma katin bayaninsa na ɓatar da mai saye

Daga watan Satumba har bayan Kirsimeti, da wuya ka shiga babban kanti a Ingila, Jamus, Faransa ko Holand ba ka tarar da shi a jere kusa da ƙofa ba: 'yar tukunyar roba, ganye kore mai zanen azurfa, da furanni ja ko fari ko ruwan hoda da suka sunkuyar da kai ƙasa amma suka miƙe kunnuwa sama. Saikilamen ke nan, wanda masana tsirrai ke kira Cyclamen persicum. Ba shi da tsada, kuma a watannin da gari ke duhu da sanyi, sauran furanni duk sun kwanta, shi yake cikin ganiyarsa. Shi ya sa ake saye a kai wa maƙwabci, ko a ajiye a falo. Bayan mako biyu zuwa uku sai ganye ya fara rawaya, furanni su zube gefe, a ƙarshe a kai shi shara ana cewa ai dama fure ne mai wuyar sha'ani.

Ba shi da wuyar sha'ani. Kayan da ake sayarwa mai kyau ne, ya ma fi kuɗinsa, domin idan ya sami wurin da ya dace yakan yi wata biyu zuwa uku yana fitar da fure ba yankewa, ya kuma dawo baɗi. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake kunsa shi, da inda ake jera shi a kanti, da ɗan katin da ake soka masa. Yawancin katunan ba su wuce su ce shukar cikin gida ce, tana son haske, a riƙa ba ta ruwa ba. Babu ƙarya a ciki. Sai dai an bar abin da ya fi komai, wato sanyi.

Asalinsa gabashin Bahar Rum ne: kudancin Turkiyya, Siriya, Lebanon, Falasɗinu, Jodan, tsibirin Kubrus da wasu tsibiran Girka, ana kuma samunsa a Aljeriya da Tunisiya. A can, ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, zafi kuma da fari. Don haka sai ya tsara rayuwarsa a kan haka. Yana tsiro idan sanyi ya fara shigowa, ya yi fure cikin hunturu, da zarar zafi ya kawo kai ya zubar da ganye ya kwanta. Abincinsa yana ajiye a wani ƙullutu da ke bakin ƙasa mai kama da dankalin turawa da aka ɗan danne, kuma da sunan dankali za mu ci gaba da kiran wannan ƙullutun. Masu zaɓen iri a Ingila da Jamus sun kama aikinsa tun ƙarni na 19, sun ƙara girman furen, sun ƙara launuka, amma ba su canza masa wannan lissafin ba. Falon da aka kunna wa hita yakan kai digiri 20 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas. A wajen saikilamen, wannan sanarwa ce cewa lokacin zafi ya yi, sai ya fara tattara kayansa. Rawayar da mutane ke gani a mako na biyu ba cuta ba ce. Barci yake shirin yi ba a kan lokaci ba.

Abin da ke cikin tukunyar

Kusan duk na kanti daga haɗaɗɗen iri aka raine su a ɗakunan gilashi, kuma daga shuka zuwa fure bai cika wuce wata bakwai zuwa takwas ba. Kamfanonin da irinsu ya fi yawa a kasuwa sun haɗa da Morel da ke garin Fréjus a kudancin Faransa, mai nau'o'in da ake kira Halios da Latinia da Metis, da Schoneveld na Holand mai Super Serie, da Syngenta mai Sierra da Laser da Miracle. Ba kasafai ake rubuta sunan a kati ba, amma girman tukunya zai gaya maka wanda ka riƙe. Ƙananan, irin su Metis da Miracle, suna zuwa a tukunya mai faɗin santimita 9 zuwa 10 da rabi. Matsakaita a ta santimita 12 ko 13. Manyan, irin su Halios, daga santimita 14 zuwa sama.

Idan don kyauta ne, a kai a ga kyau ranar nan, babban ya fi cika ido. Idan don ka raina ne, sayi ƙaramin. Ya fi jure canjin yanayi, karansa gajere ne don haka ba ya saurin faɗuwa, yana zama a bakin taga ba tare da ganyensa ya manne da gilashi ba, kuma a cikin ƙananan ne aka fi samun masu ƙanshi. Manyan da yawa ba su da ƙanshi ko kaɗan, an sayar da shi wajen neman girman fure. Masu bakin fure mai tattara ko launi biyu suna da kyau, amma ba su fi na gargajiya daɗewa ba, kuɗin ado kawai kake ƙarawa.

Kada furannin da suka buɗe su ɗauke maka hankali a kanti. Waɗannan sun riga sun ci rabin kwanansu. Sa yatsu biyu ka buɗa ganyen a hankali ka leƙa tsakiya. Abin da kake nema shi ne tarin ƙananan furannin da ba su buɗe ba, masu lanƙwasasshen wuya, wasu sun kusa kai tsayin ganye, wasu ko santimita ɗaya ba su kai ba. Su ne furen wata mai zuwa da na bayansa. Tukunyar da ke da fure biyar a sama da tari a ƙasa ta fi mai fure ashirin a sama da fayau a ƙasa. Tun da ka buɗa, duba gindin karan. Idan ka ga wata fumfuna toka-toka mai gashi-gashi, ko kara ɗaya ya yi laushi ya yi ruwa, ajiye ka ɗauki wata. Taɓa ganyen da bayan hannu: ya kamata ya yi tauri, ya turo hannunka. Sannan ɗaga tukunyar ka ji nauyinta, ka kuma sunsuna. Nauyi sosai tare da ganye mai yaushi alama ce ta saiwar da ta fara ruɓa. Wari kuwa ba sai an yi bayani ba.

Wurin da aka jera shi ma abin dubawa ne. Shagunan sayar da shuke-shuke sukan ajiye shi a rumfa mai sanyi ko a waje ƙarƙashin rufi, shi ya sa nasu ya fi ƙwari ko da kuɗin ya ɗan ɗara. A manyan kantuna kuwa sau da yawa yana cikin ɗumi, wani lokaci kusa da 'ya'yan itatuwa. Ayaba da tuffa da suke nuna suna fitar da iskar etilin, wadda ke sa fure saurin tsufa. Na babban kanti ba shi da aibu idan ka dace da shi cikin kwana biyun farko da saukewa, domin daga gonaki iri ɗaya ake kawo su. Waɗanda aka karya wa farashi a ƙarshen mako kashi biyu ne. Wanda ya yi yaushi saboda ƙasarsa ta bushe ƙamas, saye shi, ruwa kawai yake so. Wanda ya yi yaushi ƙasarsa na jiƙe, ko kyauta aka ba ka ba riba.

Leda, tukunyar ado da ƙasar da aka zuba

A nan ne kayan ya fi samun rauni. Ledar da ake sa shi a ciki tana da amfani a hanya, tana kare shi daga iska mai sanyi tsakanin kanti da gida. Amma tana matse ganye wuri ɗaya ta riƙe raɓa, wanda shi ne abin da fumfuna ke so. A cire ta ranar da aka shigo da shi. Kuma a yanka ta da almakashi daga gefe, kada a zare ta sama, don zarewa na karya kara.

Na biyu ita ce tukunyar ado ta tangaran ko ta gwangwani da ake zura ta robar a ciki. Ba ta da huji a gindi. Duk ruwan da ya tsiyaye yana taruwa a ƙasa ba ka gani, saiwa na zaune a ciki. Ba a ce a yar da ita ba, amma duk lokacin ba da ruwa sai an ciro ta robar, an gama, ta tsane, sannan a mayar. Idan an lulluɓe saman ƙasar da gansakuka ko ƙyalƙyali don ado, a kwashe. Saman dankalin yana son iska.

Akwai kuma kwandunan Kirsimeti da ake haɗa saikilamen da wasu shuke-shuke a ƙasa ɗaya. Ado ne na mako biyu, a saye shi da wannan niyyar. Wanda aka haɗa da fonsetiya, mai jan ganyen nan, haɗin gambiza ne: fonsetiya daga Meziko take, ba ta son ɗaki ya yi ƙasa da digiri 13 zuwa 15, shi kuma daga nan ne yake fara jin daɗi. Duk inda ka ajiye kwandon, ɗaya zai wahala.

Ƙasar da ke cikin tukunyar yawanci ruɓaɓɓen gansakukan fadama ne da ake kira fit, ko ɓawon kwakwa, ko haɗinsu. A gona, inda ake ba da ruwa ta ƙasa da lissafi, tana aiki sosai. A gida tana da hali biyu marasa daɗi. Idan ta jiƙe tana daɗewa ba ta tsane ba. Idan kuma ta bushe sarai sai ta janye daga jikin tukunya, ruwan da ka zuba ta sama ya bi gefe ya fita ba tare da ya jiƙa komai ba, kai kuma ka ɗauka ka shayar. Duk da haka kada a canza masa ƙasa yana cikin fure. A bari sai lokacin dashe.

Inda zai zauna

Digiri 10 zuwa 15 shi ne muradinsa. Yana jure 18 da rana idan dare na sauka ƙasa. Daga 20 zuwa sama ya fara lalacewa. Ta ɓangaren sanyi yana jure har wajen digiri 5, amma ƙanƙara tana kashe shi. A gidan Turai wannan yana nufin bakin tagar ɗakin da ba a kwana a ciki, ko tagar matattakala, ko baranda mai gilashi, ko banɗaki mai taga da ba a cika ɗumamawa ba. Matsalar ita ce a gidaje da yawa hitar tana ƙarƙashin taga daidai, don haka bakin tagar da ake ganin ya fi ko'ina sanyi shi ne iska mai zafi ke bugawa. Ɗora hannunka a wurin idan hita na aiki. Idan ka ji ɗumi, nemi wata taga.

Haske yana so sosai, amma ba ranar tsaka mai dukan gilashi ba. Tagar da ke kallon gabas ta fi. A tsakiyar hunturun arewacin Turai rana ba ta da ƙarfi, ko tagar kudu ba za ta ƙona shi ba, sai daga watan Maris ne za a janye shi. Idan haske ya yi kaɗan, karan ganye kan yi tsawo ya yi siriri, sabon ganye ya fito ƙarami, furannin ƙasa su ƙi tasowa. A riƙa juya tukunyar kwata ɗaya kowane mako don kada ya karkace. Daren da ake tsammanin ƙanƙara kuma kada a rufe shi tsakanin labule da gilashi, wurin yakan fi firji sanyi.

Wanda ba shi da wuri sai falo yana da dabara ɗaya: ya bar shi a falo da yamma lokacin da ake zaune, da dare ya mayar da shi wuri mai sanyi. Wahala ce, amma tana ƙara masa makonni.

Ruwa

Bayan zafi, ruwa ne ya fi kashe shi, kuma ba yawansa kaɗai ba, har da inda ya sauka. Duk karan ganye da na fure daga saman dankalin suke fitowa, a cushe wuri ɗaya. Ruwan da ya kwanta a wannan cunkoson ba ya bushewa da wuri, a nan ruɓa ke farawa. Don haka ta ƙasa ake ba shi. Zuba ruwa a kwano, zurfin santimita 2 zuwa 3, ka zaunar da tukunyar a ciki minti 15 zuwa 20. Idan ka taɓa saman ƙasar ka ji sanyin danshi ya hau, ya isa. Ciro ta, ka bar ta ta tsiyaye kamar minti 10, sannan ka mayar. Kada ta kwana cikin ruwa. Ruwan ya zama wanda ya ɗan zauna a ɗaki, ba mai sanyin famfo ba, kuma da safe ya fi. Idan dole sai ta sama, a yi amfani da buta mai siririn baki a bi gefen tukunya, nesa da tsakiya.

Sau nawa? Babu ranar da za a yanka maka. A ɗaki mai digiri 12 yana iya yin mako ɗaya ko fiye, a mai ɗumi kwana uku ko huɗu. Hanyar da ba ta kuskure ita ce nauyi. Ɗaga tukunyar bayan ka shayar, hannunka ya riƙe wannan nauyin. Idan ta yi sauƙi sosai, saman ƙasar kuma ya bushe kamar zurfin gaɓar yatsa, lokaci ya yi. Gara a ɗan makara da a yi gaggawa, domin ƙishirwa tana da magani, ruɓa ba ta da shi.

Ga tarkon da ya fi kama mutane: wanda ya ji ƙishirwa da wanda ruwa ya yi wa yawa, dukansu faɗuwa suke yi iri ɗaya. Mai shi ya ga ya kwanta, sai ya ƙara ruwa. Kafin ka zuba komai, ɗaga tukunyar. Idan ba nauyi, zaunar da ita cikin ruwa rabin awa zuwa awa ɗaya, ka naɗe ganyen da takardar jarida a tsaye don karan su miƙe daidai, ka kai wuri mai sanyi. Cikin 'yan awoyi zai tashi. Idan da nauyi, zare shi daga tukunya ka duba. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, kuma tana da ƙwari. Idan ta yi baƙi tana saɓulewa, danna dankalin da yatsa. Mai tauri yana da sauran rai: naɗe ƙasar da jarida ta tsotse ruwan, ka bar shi kwana biyu ba ruwa. Mai laushi ya tafi.

Kada a fesa wa ganyen ruwa, ko da an ce iskar ɗaki ta bushe. Ɗigon da ya zauna a kan fure yana barin tabo, wanda ya gangara tsakiya kuma ya jawo fumfuna.

Furen da ya gama, da ganyen da ya yi rawaya, ba a yanka su da almakashi. Guntun da ya rage zai ruɓe ya kai ruɓar cikin dankali. Bi karan da yatsu har gindi, ka murɗa shi rabin zagaye, sannan ka fizge da sauri lokaci ɗaya, ɗaya hannun yana danne da tukunya. Zai fito gaba ɗaya da ɗan farin gindinsa. A yi haka sau biyu a mako. Idan aka bar furen, zai ɗaure ƙwallon iri, karan ya sunkuya ƙasa, shukar ta mayar da ƙarfinta can ta rage sabon fure.

Taki ba ya buƙata a watan farko, ya zo da nasa daga gona. Bayan nan, takin ruwa irin na tumatir, mai yawan sinadarin fotash da ƙarancin sinadarin naitirojin, a rabin ma'aunin da aka rubuta a kwalba, kowane mako biyu zuwa uku, a cikin ruwan da ake zaunar da shi. Taki mai yawan naitirojin yana ba da manyan ganye masu laushi waɗanda ke rufe furanni su kuma kamu da fumfuna.

Cututtukan da yakan zo da su ko ya kama

Fumfunar nan toka-toka, Botrytis cinerea, ita ce ta kullum. Tana son danshi da iskar da ba ta motsi da mataccen ganye. Cire duk karan da ta taɓa har gindi, ka ɗan buɗa tsakiyar ta hanyar tura ganyen waje zuwa gefe, ka rage ruwa. Idan an kama ta da wuri shukar na tsira.

Cututtuka biyu ba su da magani a gida. Idan gefe ɗaya na shukar ya yi rawaya ya faɗi, ɗaya gefen yana tsaye lafiya, mai yiwuwa wata fumfuna ce da ake kira Fusarium, wadda ke toshe hanyoyin ruwa a cikin dankali. Idan ka yanka shi za ka ga ɗige-ɗige ja-ja ko ruwan ƙasa a ciki. Ɗayar kuwa ruɓar bakteriya ce: shukar ta zube dare ɗaya, dankalin ya narke yana wari. A duka biyun a zubar da shuka da ƙasarta a shara, ba a tarin takin lambu ba, a wanke tukunyar da bilic kafin a sake amfani da ita. Idan hakan ta faru cikin makon farko da saye, da cutar ya zo, ba laifinka ba ne, kuma ya cancanci a mayar da shi tare da rasit.

Cikin ƙwari, darɓa takan taru a kan ƙananan furanni, ana murje ta da yatsa. Ƙananan baƙaƙen ƙudaje da ke tashi idan an taɓa tukunya suna gaya maka ƙasar ta cika jiƙa. Idan sababbin ganye suna fitowa a murɗe, sun yi kauri sun ƙi girma, furanni kuma a karkace, aikin wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne, Phytonemus pallidus, wanda ido ba ya gani. Raba shi da sauran shuke-shuke ka zubar. Mafi cin amana ita ce tsutsar ƙwaron da ake kira Otiorhynchus sulcatus, fara mai kai ruwan ƙasa, a lanƙwashe, tsawonta kamar santimita ɗaya. Tana cinye saiwa ta huda dankali a ɓoye, ba ka sani ba sai ranar da ka taɓa shukar ta taso a hannunka ba saiwa. Ta fi samun waɗanda suka yi lokacin zafi a waje. Ana tsince ta da hannu lokacin dashe, ko a shayar da ƙasar da ƙananan tsutsotsin Steinernema kraussei da ake sayarwa don wannan aikin, masu aiki ko da ƙasa ta yi sanyi har digiri 5.

Gidan da ke da yara ƙanana, kyanwa ko kare ya san cewa shukar na da guba, kuma gubar ta fi yawa a dankalin. Kaɗan yana sa dalala da amai da gudawa, da yawa yana iya taɓa bugun zuciya. Wasu katunan suna faɗa da ƙaramin rubutu, wasu ba sa faɗa sam. A ajiye shi sama.

Shekara ta biyu

Kanti zai fi so ka jefar ka sake saye, kuma gaskiya a wannan farashin babu abin kunya a yin haka. Amma dawo da shi ba wuya. Wajen Afrilu ko Mayu fure zai tsaya, ganye ya fara rawaya. Wannan karon rawayar daidai take. A daina taki, a riƙa rage ruwa har ganyen ya bushe, a cire shi. A kai tukunyar wuri mai inuwa da sanyi inda ruwan sama ba zai same ta ba, wasu sukan kwantar da ita a gefe don haka. Wata biyu zuwa uku zai yi a haka. Dankalin shekarar farko ƙarami ne, yana iya ƙanƙancewa ya mutu idan ya bushe ƙarƙaf, saboda haka ɗan ruwa kaɗan ta ƙasa sau ɗaya a wata ba laifi. Wasu daga cikin irin zamani, idan suna wuri mai sanyi, ba sa zubar da ganye duka. Kada a tilasta musu, a dai rage ruwa.

A ƙarshen Agusta ko cikin Satumba za ka ga 'yan ƙananan tsiro a saman dankalin. Lokacin dashe ke nan. Karkaɗe tsohuwar ƙasar, ka duba tsutsa, ka cire matacciyar saiwa. Tukunyar kada ta yi girma: tazarar santimita 2 tsakanin dankali da bakin tukunya ta isa, domin ƙasa mai yawa da saiwa ba ta kai gare ta ba tana riƙe ruwa. Haɗin da ya dace shi ne kashi biyu na ƙasar tukunya irin wadda ake sayarwa da sunan John Innes No. 2, kashi ɗaya na ƙananan tsakuwa ko falayit (fararen tsakuwa marasa nauyi da ake haɗawa da ƙasar shuka), da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen ganye idan akwai. A wannan nau'in saiwa daga ƙasan dankali take fitowa, tsiro daga sama, don haka a zaunar da shi yadda kashi ɗaya cikin uku zuwa rabinsa zai kasance a waje. Binne shi duka shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan matakin. A shayar sau ɗaya ta ƙasa, sannan a yi haƙuri har ganye ya fito kafin a koma shayarwa sosai. A shigo da shi kafin ƙanƙarar farko. Furen shekara ta biyu yakan makara, kuma shukar ba za ta yi dunƙulen nan na kanti ba, za ta ɗan baje. Amma dankalin na ƙara girma kowace shekara, furanni na ƙaruwa tare da shi.

Abu ɗaya da ke rikita masu saye: a kaka ana sayar da ƙananan saikilamen a tire shida-shida don tukwanen ƙofar gida. Su ma Cyclamen persicum ne, suna jure ɗan sanyi a wuri mai kariya, amma ƙanƙara mai ƙarfi ko ruwan sama mai yawa zai gama da su. Wanda ke son na dasawa a lambu ya zauna shekara da shekaru, sunan da zai nema a kati shi ne Cyclamen hederifolium, mai fure a kaka, ko Cyclamen coum, mai fure a ƙarshen hunturu.

Mai tunanin kai shi gida Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya haƙura. Ko a tsakiyar hunturu, da rana zafin ya wuce abin da yake ɗauka, kuma ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska ma ba ya sauka digiri 15.